Kwabon Hedley Penna

A Broken Hill, garin masu haƙar ma'adinai, idan yaro ya tambayi abin da ya sami hannun Hedley Penna, sai a ce masa dutse ne ya faɗo masa a rami. Ƙarya ce, kuma dattawan da ke faɗin ta sun fi kowa sani, domin wasunsu suna wajen, wasunsu ma su suka danne shi. Hannun dama ne. Ya ƙandare, ya naɗe ciki, yatsun sun manne da tafi, ko kofin shayi ba ya ɗauka. Da shi Hedley ya ƙarasa rayuwarsa yana gadin ƙofar mahaƙa, yana ɗaga wa motoci sanda da hannun hagu har ya tsufa.

Hedley ɗan rami ne, jikan rami. Ubansa, Jabez, ya haƙi dalma har ƙurarta ta cinye masa huhu, kuma ɗan ƙarfin da tari ya rage masa a jikin iyalinsa yake sauke shi. Ranar albashi sai ya biya gidan giya, ya dawo ya zare bel. Yaran gidan kowa da maɓoyarsa. Hedley ƙarƙashin tankin ruwa yake shiga da kwabo ɗaya a hannu, ya ƙura masa ido yana bin haruffan da suka kewaye kan sarki, har ihun uwarsa ya lafa. A nan ya fara lura cewa kwabo da kwabo ba ɗaya ba ne. Ranar da uban ya kama shi yana wannan kallo, ya ce duk ɗan da ke kallon kuɗi haka ɓarawo zai zama, ya kama ƙeyarsa ya gwara masa kai da tankin har goshi ya fashe. An ɗinke goshin, amma kallon kwabo bai daina ba.

Ya girma ƙato mai kafaɗa, mai sanyin hali, irin mutumin da garinmu bai san yadda zai yi da shi ba. Nan gari ne da ake raba gardama da naushi a bayan gidan giya, wanda haƙorinsa ya zube ya kuskure baki, gobe a shiga rami tare. Hedley bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Yini guda yake riƙe da injin huda dutse a ƙarƙashin ƙasa, in ya fito ya karɓi canji wajen mai burodi, sai ya tsaya nan a bakin kanta yana juya kowane kwabo a tafinsa, mutanen layi na zagin uwarsa a baya. Wanda ya yi masa sai ya kai gida, ya naɗe shi a tsumma, ya sa a gwangwanin taba.

Ya auri Nola Tonkin, mace mai kaifin baki wadda ba ta taɓa fahimtar dalilin da zai sa namiji da hankalinsa ya ajiye kuɗi ba don kashewa ba. Wata safiya mai madara ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba ta da canji, ta buɗe gwangwani ɗaya ta sallame shi. Da Hedley ya dawo ya ga tsumma a warware, sai ya zauna daɓas a tsakar ɗaki.

"Kwabo ne fa, maigida," in ji Nola. "Ba ɗanka na bayar ba. Gobe in ba ka biyu, ka daina yi mini fuskar makoki."

"Wanda kika bayar zan sami wani," in ji shi. "Zan sha wahala, amma zan samu, don yana da 'yan'uwa. Kin ga, hatimin ƙarfen da ake buga kwabo da shi, shi ne mai alamar da nake nema. In hatimi ya tsage, ko maƙerinsa ya ɗiga masa ɗigo, duk kwabon da ya buga da wannan alamar zai fito. Dubbai ne, iri ɗaya sak, suna nan suna yawo a aljihun mutane. Amma zo ki ga wannan."

Ya warware wani tsumman ya miƙa mata. Kan sarki a gaba, yadda aka saba. Ta juya shi, sai ga kan sarki kuma, amma a lotse ciki, yana kallon ɗaya gefen, haruffansa duk a juye.

"Wannan hatiminsa lafiya lau yake," in ji Hedley. "Inji ne ya yi tuntuɓe. Kwabon da aka buga kafin shi ya maƙale bai faɗo ba, sai aka buga wannan a jikinsa. Sau ɗaya abin ya faru, mai dubawa kuma yana gyangyaɗi. Ba shi da wa, ba shi da ƙane. Da shi kika ba mai madara, shi ke nan har abada."

"Ashe maraya ne," in ji Nola. "To sai ka goya shi."

Gatse ta yi, shi kuwa ya ɗauka shawara ce. Daga ranar kwabon nan ya koma aljihun ƙirjinsa, a naɗe cikin tsummansa. Da shi yake shiga rami, da shi yake zuwa jana'iza, har ya zama ba ya ma tuna yana ɗauke da shi.

Yayan Nola, Rupe Tonkin, shi ne mai filin caca a bayan gari. Ya ga kwabon sau ɗaya a teburin ƙanwarsa, ya juya shi, ya yi fito, ya ce, "Suruki, kar tsautsayi ya sa ka shigo filina da wannan. Gawarka za a kawo wa yarinyar nan." Aka yi dariya, aka ci gaba da cin naman rago.

Filin Rupe shingen kwanon rufi ne kewaye da jar ƙasa, ana haɗuwa ranar Lahadi da rana. A ɗora kwabo biyu a kan ɗan katako, mai jifa ya wurga su sama. In duk biyun suka faɗo kai, wato kan sarki a sama, ya ci. In suka faɗo baya, an cinye shi. Kwabban na filin ne, kuma in sun faɗi ƙasa ba mai taɓa su sai Rupe. Doka ɗaya ce filin yake da ita wadda ba a sasanta ta: wanda aka kama da kwabo mai kai biyu, hannun da ya yi jifa da shi za a karya. Mun ga an yi wa wani baƙo mai askin tumaki. Rupe da kansa ya ɗora hannun a kan guntun ƙarfen layin dogo ya sauke masa ƙotar diga, ihun mutumin ya tashi tsuntsaye daga kan shinge, aka share jinin da ƙasa, aka ci gaba da wasa. Ba wanda ya ga laifin Rupe. Da wannan ƙotar yake riƙe da amanar filin, kuma kowa ya san ranar da ya sassauta ranar za a kwantar da shi a kan ƙarfen.

Hedley ba ɗan caca ba ne. Wata Lahadi da zafi ya yi zafi Nola ta aike shi ya kai wa yayanta abincin rana, ya shiga shingen da kwano a hannu, da niyyar ya ajiye ya juya. Amma mazan nan sun sha giya, suna neman abin dariya.

"Kai! Ga mai kallon kwabo!"

"Ku ba shi katakon, yau dai ya ga kwabo yana tashi!"

"Zai jefa kuwa? Sai ya fara sumbatar su tukuna!"

Suka tura shi tsakiyar fili. Rupe ya ɗora masa kwabban yana murmushi. Hedley ya wurga, suka faɗo kai. Ya sake, kai. Ya sake, kai. Sa'a ce kawai, irin wadda takan faɗa wa wanda bai roƙe ta ba, amma dariyar ta fara raguwa a ɓangaren waɗanda suka zuba kuɗinsu a kan baya. A cikinsu akwai Gus Harnett, direban babbar mota, wanda albashinsa ke narkewa a gabansa, wuyansa ya yi jawur, ya daina ƙifta ido.

A jifa na gaba kwabo ɗaya ya mirgino ya tsaya a jikin takalmin Hedley. Da wani ne, da ya ja ƙafa ya jira Rupe. Hedley bai yi tunani ba. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba yi a bakin kantin mai burodi: ya sunkuya, ya ɗauka, ya juya. Tsohon kwabo ne na shekarar 1920, mai ɗigo biyu ƙanana, irin wanda ya yi shekaru yana nema. Ga shi nan ana wurga shi sama yana faɗowa a kan tsakuwa, kowace faɗuwa da sabon rauni. Da ya yi haƙuri ya roƙi Rupe bayan an tashi, da an ba shi har da zolaya. Amma ba zai iya ganin an sake jefa shi ko sau ɗaya ba. Ya zura hannu a aljihun wando, ya zaro kwabo na banza ya ɗora a kan katako, ya dunƙule mai ɗigon a tafinsa.

"Ya canza!" Gus ya yi kururuwa. "Na gani da idona! Shegen ya canza kwabo!"

Kafin Hedley ya buɗe baki kwalba ta fashe a ƙeyarsa. Ya durƙusa. Takalmin rami ya same shi a haƙarƙari, wani a baki, leɓensa ya tsage har hanci. Mutanen da suke raba shayi da shi a ƙarƙashin ƙasa su ne ke ture juna don su sami inda za su taka. Rupe ya kutsa yana dukan su da ƙota yana cewa a tsaya a duba, da ƙyar suka ja baya. Aka ɗauki kwabon da ke kan katako. Lafiyayye ne, kai da baya. Aka buɗe tafin Hedley, kwabon filin ne.

"Ɗigon," in ji Hedley, jini na zuba a rigarsa. "Ku duba ɗigon. Shi kawai nake so. Na yi laifi, amma ban cuci kowa ba."

"Ɗigon ubanka!" in ji Gus. "Wa ke saka hannunsa a wuta saboda ɗigo? Ku caje shi!"

Suka yage rigar. Tsumman ya faɗo, ya warware, kwabon ya mirgina a jar ƙasa ya kwanta. Gus ya ɗauka, ya juya, ya sake juyawa, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani. Filin ya ɓarke da ihu.

Hedley ya yi ƙoƙarin yi musu bayani. Da fasasshen baki yake maganar inji da kwabon da ya maƙale, yana cewa su duba, kan na biyu a lotse yake, haruffan a juye. Suka ce sabon salon maguɗi ne, a ƙasa cikin ƙura wa zai bambance. Wani ya ce in da gaske daga gidan buga kuɗi ya fito haka, ya nuna musu wani irinsa.

"Babu wani," in ji Hedley. "Shi kaɗai ne."

Suka bushe da dariya mai muni.

Ya juya ya kalli Rupe. Mutum ɗaya ke nan a filin da ya taɓa riƙe kwabon nan a teburin abinci, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya kashe wutar. Gus ma ya ga kallon.

"To, mai fili? Mijin ƙanwarka ne. Dokar ta baƙi ce kawai? Ko dai da kai ake rabawa?"

Tsoro ne ya kama Rupe, ba wani abu ba, kuma ya bar maganar da ya kamata ya yi ta mutu a maƙogwaronsa. Maimakon ta sai ya nemo dabara. Ya ce kowa ya san yadda 'yan maguɗi ke yin nasu: a goge bayan kwabo biyu da magagari, a liƙe su da dalma. A kawo kurfi, wato ƙarfen da ake sara ƙarfe da shi, da guduma a raba wannan gida biyu. In an ga liƙi a ciki, a karya hannu. In tagulla ɗaya ce, Hedley ya tafi gida. Mutane suka ce an yi adalci. Aka ɗauko kurfi daga motar Gus, Rupe ya ɗora kwabon a kan ƙarfen dogo, yana jin ya ceci mijin ƙanwarsa.

Hedley ya ga bakin kurfin ya zauna a kan fuskar sarki. Ya yi wani gurnani, ya watsar da mutum biyu da ke riƙe da shi. Wanda ya tare shi ya sha naushin farko da Hedley ya taɓa yi a duniya, muƙamuƙinsa ya goce, ya faɗi bai ko shure ba. Hedley ya faɗa kan ƙarfen ya damƙe kwabon da hannun dama.

Wannan a wajensu shi ne amsa laifi. Suka hau shi. Wani ya shaƙe shi ta baya, wani ya durƙusa a kan gadon bayansa, Gus na taka masa fuska cikin ƙasa. Suka miƙar da hannun a kan ƙarfen dogo, suka sa yatsu, suka sa bakin wuƙa, suka cije shi a wuyan hannu. Hannun da ya saba danne injin huda dutse bai ko motsa ba.

Rupe ya durƙusa kusa da kunnensa.

"Suruki, don Allah buɗe. Kwabo ne. Ka buɗe in yanka, ka tashi ka je wajen matarka da hannunka. Kar ka sa ni."

"Yanka mai ɗigon, Yaya," in ji Hedley, bakinsa cike da ƙasa. "Shi akwai irinsa. Ka san wannan. Ka riƙe shi a gidana. Faɗa musu."

Rupe ya ɗaga kai ya ga idanun da suka kewaye shi. Ya miƙe. Ya ɗauki ƙotar diga.

Bugun farko ya sauka a kan gaɓoɓin yatsu, aka ji ƙarar su kamar ana karya ƙirare. Hannun bai buɗe ba. Na biyu ya fasa bayan hannun, ƙashi ya leƙo fari. Hedley bai yi ihu ba, numfashi kawai yake ja ta hanci yana hura ƙura. Rupe ya ci gaba da bugu yana kuka, hawaye da majina, har hannun ya daina zama hannu, yatsun suka saki da kansu. Gus ya tsamo kwabon daga cikin jini, ya goge a wandonsa, ya ɗora a kan ƙarfe. Ya kafa kurfi, ya sauke guduma.

Gida biyu suka tashi. Gus ya tsince su, ya kai kusa da ido, ya juya su a hasken rana. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya miƙa wa na gaba. Tagulla ce ja, ɗaya, tun daga wannan fuska har waccan, babu liƙi, babu dalma.

"To don me bai bari ba tun farko?" in ji Gus, ba tare da ya kalli kowa ba.

Mutane suka fara zamewa ta ƙofar shinge ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi a gida. Rupe ne ya ciccibi Hedley ya sa a bayan mota.

A asibiti Nola ta tarar da yayanta a baranda, rigarsa jage-jage da jinin mijinta. Ba ta tambaye shi komai ba, labari ya riga ta zuwa. Ta cire takalminta mai tsini ta rufe shi da duka a fuska har girarsa ta fashe, yana tsaye bai kare ba. "Ka san shi!" take cewa. "A teburina ka gan shi, matsoraci! Kai ba yayana ba ne!" Sai da ma'aikatan jinya suka ɗauke ta cak. Likita ya ce an ceci hannun daga yankewa, amma mai shi ya gama da rami.

Rupe bai iya barci ba, bai iya cin abinci ba. Yana so ya gyara wani abu, kuma abu ɗaya ne ya ga zai gyaru. Bayan 'yan kwanaki ya shigo ɗakin majinyata da hula a hannu, ya tsaya a ƙafar gado. Nola ta kau da kai. Hedley na kwance, fuska a kumbure, hannun a naɗe a kan matashi.

"Na kawo maka abinka, suruki," in ji Rupe. "Na koma filin na tsince ɓarin kwabon guda biyu. Na kai wa maƙeri, mutumin ya iya aiki. Ya haɗa su da dalma, ya bi da magagari, ya goge shi tas. Dubi yadda yake ƙyalli, ya fi da. Sai ka lura sosai za ka ga wajen."

Ya ajiye shi a kan bargo. Hedley ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗauka da hannun hagu, yatsun na kuskure don ba su saba ba. Ya juya shi. Baƙin tsufan da ya lulluɓe shi an kankare, magagari ya cinye hancin sarki, kuma wani farin layin dalma ya ratsa fuskokin biyu daga gefe zuwa gefe. Ya bi layin da farcen babban yatsa.

"Yaya," in ji shi, a hankali saboda ɗinkin leɓe, "da wannan kuka samu a aljihuna, da kun yi daidai."

Ya kamo hannun Rupe, ya sa masa kwabon a tafi, ya naɗe masa yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya fuskarsa bango.